Bencin katako na zaman jama'a a waje: wane katako, wane awo, kuma ya za a yi da gara?

Ɗan_Ƙungiya:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sana'ar kafinta da duk wanda ya san harkar ina neman shawara. Ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Kano mun yi karo-karo mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa, muna so mu yi bencina guda huɗu mu kai ƙaramin asibitin unguwa, saboda ranar awo da ranar rigakafi abin ba daɗin gani wlh, mata masu ciki da masu goyo a tsaye ko a zaune a ƙasa kan ɗankwali ko kan bulo, ga tsofaffi masu zuwa awon hawan jini su ma haka. Baranda ba ta ɗaukar kowa, so a waje za a ajiye su, akwai wata babbar darbejiya a harabar.

Da akwai bencina biyu da wani bawan Allah ya taɓa bayarwa, irin na makarantar allo ɗin nan, falanki ɗaya da ƙafa biyu, yanzu ɗaya gara ta cinye ƙafarsa ɗayan kuma ya tsage a tsakiya kusa ta fito tana yaga wa mata zani. Ba ma so namu ya zama haka, kuɗin jama'a ne kuma ba lallai mu sake iya tara irinsa ba. Tambayoyina: wane katako ya fi jure rana da ruwa da gara? Tsayi da faɗi nawa ya kamata? A yi masa majingina ko a bar shi haka don kuɗin ya isa guda shida maimakon huɗu? Sannan wasu cikinmu sun ce a shafa baƙin mai kawai an gama da gara, gaskiya ne? Na gode, Allah ya saka.

Tsohon_Kafinta:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka ƙanena, aikin lada ne wannan. Bari in fara da abin da ya kashe waɗancan biyun don shi zai kashe naku ma idan ba ku kula ba. Ƙafar katako a kan ƙasa. Shi ke nan. Katako ta bakinsa yake shan ruwa, wato wajen da zarto ya yanke shi, to in ka tsayar da ƙafar benci a ƙasa ka ɗora bakin nan kenan a kan danshi, duk damina yana zuƙa, ya yi laushi, gara kuma daga ƙarƙashin ƙasa take tasowa ta shiga ta ciki ba tare da ka gani ba, sai ranar da mutum ya zauna ƙafar ta burme. Ko wane katako ka saya, ko da mafi tsada ne a kasuwa, dokar farko kar ya taɓa ƙasa.

Maganar irin katako. In ka shiga 'yan katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo za a nuna maka farin katako mai araha, obeche da danginsa, mara nauyi, kusa tana shigarsa ba wahala. Wannan na silin ne da ƙwaryar kujerar falo da shata na zuba kankare, kar ka kai shi waje, ba zai ga damina biyu da mutuncinsa ba. Malaina ta ɗan fi shi, ba ta cika murɗewa ba in ta bushe, amma ita ma a waje sai da lallaɓawa. Abin da zan ce ka nema shi ne iroko, in ba ka samu ba ko kuɗi bai kai ba to madaci na gaske. Iroko in an yanka sabo launinsa rawaya-rawaya ne, yana daɗewa yana komawa ruwan ƙasa mai duhu, yana da nauyi, gara ba ta sonsa. Wani lokaci akwai wani abu kamar dutse a cikinsa da ke dakusar da zarto, shi ya sa masu inji suke ƙara kuɗi in sun ga shi ne, kuma ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, wanda zai goge ya rufe hanci. Madaci kuma ka yi hattara, ba kowane jan katako ne madaci ba, da yawa ja ne kawai a ido. Ka tafi da kafintan da ka yarda da shi, kar ka je kai kaɗai.

Sannan ko iroko ne, ka duba kowane falanki. In ka ga wani farin layi a gefe, wannan ɓangaren bayan itacen ne na kusa da ɓawo, shi ba shi da maganin komai, ƙwaro yana cinsa kamar yadda yake cin obeche. Zuciyar itacen ita ce mai ƙarko. Ka zaɓi wanda launinsa ɗaya ne daga gefe zuwa gefe ko ka sa a tsage farin a cire.

Abu na gaba da mutane ba sa haƙuri da shi, bushewa. Yawancin katakon nan daga kudu ake lodo shi, daga dazukan su Ondo da Edo da Kuros Riba, yana zuwa da ruwansa a jiki. Ka ɗaga ka ji nauyi fiye da kima, ka taɓa ka ji sanyi, in an yanka garin zarton yana dunƙulewa a hannu, to ɗanye ne. In ka haɗa benci da shi a haka, hunturu na shigowa zai tsotse ruwan da ƙarfi, katakon ya tsuke ta faɗinsa, ya tsage daga baki, notuna su saki. Ku saya da wuri ku jera shi a inuwa inda iska ke wucewa, a ɗaga shi daga ƙasa kan bulo, tsakanin kowane layi a sa 'yan sanduna, a ɗora nauyi a sama, bakunan biyu a shafe su da fenti don kar su riga tsakiya bushewa. Ba a rana ba fa, rana tsaga shi za ta yi. Ku ba shi makonni, in da hali ya ci wani ɓangare na hunturu a jere kafin a taɓa shi.

Kuma kar a yi mazauni da falanki ɗaya mai faɗi irin wan-bai-tuwal, wato mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci 12, shi ne yake lanƙwashewa ya zama kwano ruwa ya kwanta a ciki. A yi shi sanda-sanda da tu-bai-tiri, wato katakon inci biyu da inci uku, a bar tazara tsakani ruwa ya zube, in ɗaya ta lalace ita kaɗai za a canza.

Ungozoma:

Sannunku da ƙoƙari, Allah ya biya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a irin wannan asibitin a Zariya kuma zan yi magana ne a kan tambayarka ta uku, wai a cire majingina don a samu shida. Dan Allah ƙanena kar ku yi haka. Huɗu masu majingina sun fi shida marasa ita nesa ba kusa ba. Mace mai ciki wata takwas da ta zo tun bakwai na safe don ta kama layi, wani lokaci sai azahar ake kiranta, bayanta ne yake fara gajiya kafin komai, shi ya sa za ka ga ta bar bencin ta koma ƙasa ta jingina da bango, sai a ce ai matan nan ba sa son benci, alhali bencin ne ba a yi shi don su ba. Mai shayarwa ma tana buƙatar inda za ta jingina ta riƙe yaro.

Sannan hannu. A sa masa wurin dafawa a gefe biyu, kuma ya zo har bakin mazaunin, saboda tsohuwa mai ciwon gwiwa ba zaman ne yake ba ta wahala ba, tashin ne, tana buƙatar abin da za ta danna ta miƙe. Kar ya yi ƙasa da yawa kuma kar ya zurma baya irin kujerar hutawa, mai ciki in ta faɗa irin wannan sai an kamo hannunta. Kar kuma ya yi tsayin da gajeriyar mace ƙafarta za ta yi reto, jijiyar bayan cinya tana dannuwa ƙafa ta kumbura, su kuma da ma da kumburinsu suke zuwa.

Duk gefuna a goge su su yi santsi, musamman na gaba inda bayan gwiwa yake taɓawa, ba kusa ko ɗaya a sama, mu da muke fama da hijabi da zani mun san abin. Tazarar da Baba kafinta ya ce a bari kar ta kai yadda yatsan yaro zai shiga ya maƙale. Kuma guda ɗaya ku ware shi can gefe saboda maza masu rako da tsofaffi maza, in kun jera su duka wuri ɗaya, namiji ɗaya ya zauna to bencin nan gaba ɗaya ya tashi daga na mata, za su tsaya ne a tsaye suna kallonsa. A bar fili a ƙarshen ɗaya inda keken guragu zai tsaya a cikin inuwa shi ma.

Kafin ku kafa komai ku zauna da in-caj ɗin asibitin da kwamitin cigaban mazaɓa da mai unguwa, su san da shi, don kar a kafa a hanyar da mota ko adaidaita ke shigowa da mai naƙuda.

Mai_Walda_Panteka:

Slm. Ni shawarata a haɗa biyun, ƙafa da firam na ƙarfe, mazauni da majingina na katako. Kar a yi na ƙarfe zalla, a watan Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba mai iya zama a kai, da hunturu kuma sanyi kamar ƙanƙara da safe, katako shi ne mai mutunci da jiki. Amma ƙafa kam ƙarfe, gara ba ta da abin yi da shi, maganar da Baba ya yi ta katako kar ya taɓa ƙasa ta warware kenan.

Angil ayon, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, na inci biyu mai kauri ko fayif mai kusurwa huɗu, ba irin na gadon yara mai kamar gwangwani ba, ka sa a auna maka kaurin a gabanka. In fayif ne a toshe samansa ruwa kar ya shiga ya ci shi ta ciki. Firam uku a kowane benci, biyu a gefe ɗaya a tsakiya, in ba haka ba watarana mutum biyar za su matsu a kai tsakiyar ta lotsa. A ƙara wa kowace ƙafa tsawo kamar ƙafa ɗaya da rabi da za ta shiga rami, a walda guntun rodi a gicciye a ƙarshenta, a zuba kankare, a ɗan tudunta saman kankaren ruwa ya riƙa gangarewa kar ya kwanta a gindin ƙarfen don nan tsatsa take fara ci. Jan fenti na tsatsa tukunna sannan fentin mai hawa biyu.

Dalilin kafewa a kankare ba sai na faɗa ba, abin da ba a kafe ba yau yana asibiti gobe yana wajen mai shayi jibi an kai shi gidan biki ba zai dawo ba, ga kuma masu jari bola. Ni in na ɗaure noti a irin wannan aikin sai in ɗiga masa walda a gindi yadda ba mai kwance shi da sifana.

Tsohon_Kafinta:

Oga mai walda na yarda da kai a komai sai abu ɗaya, ɗiga walda a kan noti ranar da aka haɗa. Kar a yi. Katako duk yadda ya bushe sai ya ƙara tsukewa a hunturunsa na farko a waje, notin da ka ɗaure tam yau zuwa watan Fabrairu za ka ji sandar tana motsi, in ka riga ka kashe shi da walda to ba damar ƙara ɗaurewa, sai girgiza ta yi ta faɗaɗa ramin har katakon ya tsage. A sa noti biyu-biyu a matse su da juna, bayan hunturu a zo a ƙara ɗaurewa, sannan ka ɗiga waldarka. Kuma a samo noti mai zagayayyen kai mara tsaga, wanda aka yi wa ruwan galbanaiz mai hana tsatsa, baƙin ƙarfe yana tsatsa ya zubar da baƙin tabo a jikin katako. A huda ramin da dirila ya ɗan fi notin faɗi kaɗan, kar a matso bakin katako sosai, a bar kamar inci biyu.

Awo kuma, tunda Hajiya ta faɗi abin da ake buƙata bari in sa shi a tef. Daga ƙasa zuwa saman mazauni inci 17 zuwa 18, ku auna daga inda ƙasa za ta tsaya bayan an gama kankare ba daga cikin rami ba. Zurfin mazauni daga gaba zuwa baya inci 16 zuwa 17, tu-bai-tiri in an goge ta a inji tana dawowa wajen inci biyu da rabi, so sanda shida da tazararsu sun ba ka wannan. Tazarar kaurin fensir ta isa, da ma za ta ɗan ƙara buɗewa da kanta. Bayan mazaunin ya fi gaban yin ƙasa da kamar rabin inci kawai. Majingina ta tashi inci 18 daga mazauni, samanta ya kwanta baya da kamar inci huɗu, in ta miƙe sak tana tura mutum gaba, in ta wuce haka kuma ta zama abin da Hajiya ta hana. Wurin dafa hannu inci 8 sama da mazauni, shi ma a ɗora masa katako. Tsawo ƙafa shida, saboda katakon kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, ka raba biyu ba asara, mutum uku su zauna a sake, huɗu in an matsa.

Baƙin mai kuwa a'a. Ana shafa shi a jikin katakon rufi da turken shinge, can ba mai zama a kai. A benci rana na dukansa zai riƙa tsattsafowa, ya ɓata farar shadda da hijabi, ga wari, kuma dattin inji ne, bai kamata ya taɓa fatar jariri ba. Akwai Solignum, maganin gara na katako, da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a nemi mara launi, a shafa bayan an gama yanka da huda amma kafin a haɗa, a cika shi a bakuna da cikin ramukan noti, a bar shi ya bushe sosai warin ya fita kafin a kai asibiti. Banish mai ƙyalli kuma kar ya ruɗe ku, na ɗaki ne, a waje rana tana fasa shi ya riƙa ɓarewa, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya maƙale. Gara man katako mai shiga jiki irin linsid, a shafa a goge ragowar da tsumma, duk shekara a maimaita kafin damina. Tsumman da aka yi aiki da shi a shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi da ruwa, in an dunƙule shi a lungu yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa.

Ɗan_Dogon_Dutsi:

Salamu alaikum 'yan uwa, ina bin zancen daga Nijar. Mu nan katakon kudu kafin shi iso kasuwar Katako ta Yamai ko wajenmu tsada ta yi mishi yawa, don haka abin da munka sani shi ne icen gida. Kirya, wadda aka sassaƙa turmi da ita, gara ba ta iya mata, amma samun ta miƙaƙƙa mai tsawon benci da wuya kuma ta yi ƙaranci ƙwarai saboda masu gawayi. Azarar giginya ma tana shekaru a rufin soro ba abin da ya taɓa ta, can wajen Gaya da Dallol Mawri ne take da yawa kuma sai da izinin ma'aikatan daji ake sara, sai dai ba ta yi wa mazauni ba, tana da tsiyaye masu shiga hannu kamar allura. Abin da na ga kafintoci suna yi da shi yanzu shi ne dogon yaro, wato darbejiya, wanda anka sare a gari in ya tsufa ko iska ta kayar, a kai inji a tsaga, jan cikinsa yana da ƙarfi kuma ƙwari ba su cika son shi ba, in ya bushe da kyau yana yin benci.

Abin da nike roƙo shi ne in an kawo muku madobiya da araha kar ku saya. Ita ce anka yi ta kwasa daga dazukan Taraba da sauran ƙasashen yammacin Afirka ana kai wa Sin har ta kusa ƙarewa, tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido. Makiyaya da ganyenta suke ciyar da dabbobi da rani.

Kuma ita darbejiyar taku, ku je da ƙarfe tara na safe da sha biyu da ƙarfe biyu ku zana a ƙasa inda inuwa take kowane lokaci, inda zanen ukun sunka haɗu nan ne wurin benci. In kuna haƙa rami kun ci karo da babbar saiwa ku matsa, kar ku sare ta.

Ɗan_Ƙungiya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, na karanta wa 'yan kwamiti duka jiya da daddare. Mun tsaya a kan huɗu masu majingina da hannu, ƙafar ƙarfe, uku wajen mata ɗaya gefe. Saura abu ɗaya da muka yi ta musu a kai, wasu sun ce a sa ƙarfen dafa hannu a tsakiya ma don kar mutane su mayar da shi gadon barci da rana. Ni dai raina bai kwanta da shi ba amma an ce in tambaya.

Ungozoma:

Kar ku sa, aƙalla ba a duka ba. Asibiti ne fa. Sau da yawa mace jiri yake ɗibarta a layi ko yaro mai zazzaɓi ya kasa zama, gadon ciki ɗaya ne ko biyu kuma da mutum a kai, bencin nan shi ne inda za mu kwantar da ita mu ɗaga ƙafarta kafin ta dawo daidai. In wani ya zo ya kwanta bayan an tashi daga aiki ba abin da ya rage ku da shi, ranar awo kuma maigadi ya isa ya tashe shi. In kuna so ku sa na tsakiya a guda ɗaya saboda tsofaffi su samu abin dafawa ta ko'ina, wannan yana da amfani, sauran ukun a bar su a buɗe.

Kuma tun yanzu ku rubuta sunan mutum biyu a ƙungiyarku da za su riƙa leƙawa duk wata, su duba ko gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin ƙafar ƙarfen tana hawa, don tana yi, a kankare ta tun tana ƙarama, a share kashin tsuntsu da 'ya'yan darbejiya da ke taruwa a tsakanin sandunan. Ku ware kuɗin galan ɗin man katako na shekara mai zuwa daga cikin abin da kuka tara, ku ba ma'aji ya ajiye, ku sayi sanda biyu ko uku na katakon fiye da buƙata ku bar su a sito na asibitin.